Me Ya Sa Lissafin Man Hilux Ke Rushewa A Cikin Yashi?

Tankin Toyota Hilux na ɗaukar lita 80. A ce tana shan lita 10 a kowane kilomita 100 kan kwalta, to ciko ɗaya zai kai ta kilomita 800.

Cikin yashi kuwa tayoyi na nutsewa, ga giyar 4L da ke sa inji ruri alhali motar rarrafe take. Idan shan ya haura zuwa lita 16, tafiyar ta koma kilomita 500.

Lambar sauran tafiya da ke allon mota, daga tuƙin baya-bayan nan kwamfuta ke ƙiyasta ta. Direban da ya sauka daga kwalta a Agadez ya nufi Sahara, da farko lissafin titi za ta nuna masa. Shi ya sa ake ɗaure jarkokin mai a baya.