Ina Ya Kamata Gwani Ya Tsaya? Darasi Daga Filin Ƙwallon Kwando

Akwai wata gardama da masu son ƙwallon kwando suka daɗe suna yi. Idan ƙungiya ta sami ɗan wasa wanda ya fi kowa, wane aiki ya kamata a ba shi? Waɗansu sun ce a danƙa masa ƙwallo tun daga farko, shi zai ɗauko, shi zai raba. Waɗansu kuma sun ce a sauke masa wannan kaya, a bar shi da aikin jefawa cikin kwando. A wannan darasi za mu bi gardamar ta wurin labarin Michael Jordan da ƙungiyar Bulls ta birnin Shikago a Amurka, sa'an nan mu ga abin da za mu koya domin zamanmu a makaranta da cikin ikkilisiya.

Aikin 'yan baya biyu

Kowace ƙungiya tana sa mutum biyar a fili. Uku daga cikinsu, waɗanda yawanci su ne dogaye, sukan yi aiki kusa da kwando. Biyun da suka rage su ne 'yan baya. Na farko, wato lamba ɗaya, shi ne mai rabo. Shi yake ɗauko ƙwallo daga gida, ya duba yadda abokan hamayya suka tsaya, ya zaɓi wanda zai miƙa wa. Na biyu, wato lamba biyu, shi ne maharbi. Aikinsa shi ne ya zille wa mai tsaronsa, ya karɓi ƙwallo a wuri mai kyau, ya jefa. A gasar NBA ta Amurka daƙiƙa 24 kawai ake ba ƙungiya ta kai hari, saboda haka dole kowa ya san aikinsa tun kafin a busa usur.

Yana da kyau mu tuna da asalin wasan. James Naismith, wanda ya yi karatun tauhidi a Kanada, shi ne ya ƙirƙiro shi a watan Disamba na 1891 a makarantar horon YMCA da ke Springfield. Cikin dokoki 13 da ya rubuta, akwai wadda ta hana mutum gudu da ƙwallo a hannu. Wanda ya karɓa dole ya jefa daga inda yake. Ashe tun ran gini, tun ran zane: an tsara wasan ne yadda ba mai iya kai ƙwallo gaba sai da ɗan'uwansa.

Gwaji na farko: gwani ya ci shi kaɗai

Bulls ta ɗauki Jordan a 1984. Shi ne na uku da aka zaɓa a waccan shekara; na farko kuwa Hakeem Olajuwon ne, haifaffen Legas. Jordan ya shigo a matsayin maharbi, bai daɗe ba duniya ta san da shi. A watan Afrilu na 1986 ya ci maki 63 a wasa ɗaya da Celtics ta Boston, amma aka cinye Bulls da 135 da 131. A kakar 1986-87 ya riƙa cin maki 37.1 a kowane wasa bisa matsakaicin lissafi. Duk da haka ƙungiyarsa ta ci wasa 40 ta sha kaye a 42, Celtics kuma ta sake fitar da ita a zagayen farko ba tare da ta ci ko wasa ɗaya ba.

Daga baya Pistons ta Detroit ta gano lagon Bulls. Tun da kusan kowane hari a hannun mutum ɗaya yake ƙarewa, sai suka riƙa tare shi da mutum biyu ko uku, suna bangazarsa duk lokacin da ya nufi kwando. Da wannan dabara suka fitar da Bulls a 1988.

Gwaji na biyu: gwani ya zama mai rabo

A watan Maris na 1989 kocin ƙungiyar, Doug Collins, ya mai da Jordan lamba ɗaya. Abin da ya biyo baya ya ba mutane mamaki. A cikin wasanni 11 a jere, sau 10 Jordan ya kai goma ko fiye a fanni uku a wasa guda: cin maki, cafke ƙwallon da ya ƙi shiga kwando, da taimako, wato miƙawar da ɗan'uwa ya ci maki da ita nan take. Ya gama kakar da matsakaicin maki 32.5, cafkewa 8 da taimako 8.

Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja. Suna cewa, wanda ya fi kowa gani shi ya kamata ya yanke shawara. Kuma idan ƙwallo yana hannunsa tun daga gida, ba wanda zai iya hana shi karɓa.

Masu ƙin tsarin ma suna da tasu hujja. Na ɗaya, gajiya. Wasa minti 48 ne, kaka kuma wasa 82 ce kafin a shiga zagayen fitar da gwani. Wanda zai ɗauko ƙwallo, ya raba, ya ci maki, ya kuma koma tsaro, ƙarfinsa zai ƙare a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ba a tauna taura biyu a baki. Na biyu, abokan hamayya biyar duk suna fuskantarsa, sun san inda haɗari zai fito. Na uku, wanda shi ne mafi muni, sauran huɗun sukan koma 'yan kallo. Mutumin da ya yi minti goma bai taɓa ƙwallo ba, in aka miƙa masa a daƙiƙar ƙarshe hannunsa ya riga ya yi sanyi.

Bulls ta gama waccan kaka da nasara 47, ta kuma kai wasan ƙarshe na shiyyar Gabas. A nan Pistons ta sake fitar da ita, huɗu da biyu. Akwai abin lura a wasa na biyar na wannan karo. Jordan ya jefa ƙwallo sau 8 kawai, yana ta miƙa wa 'yan'uwa, amma duk da haka aka cinye su. Wato gwani ya riƙe hannunsa ma ba magani ba ne.

Gwaji na uku: gwani a cikin tsari

A 1989 aka ba Phil Jackson aikin koci. Mahaifinsa da mahaifiyarsa duk masu wa'azi ne a ikkilisiyar Assemblies of God. Tare da mataimakinsa Tex Winter ya shigo da tsarin da ake kira kusurwa uku. Mutum uku za su tsaya a gefe ɗaya na fili kamar duwatsun murhu, biyu su tsaya a ɗaya gefen, da tazara mai kyau a tsakaninsu. Duk wanda ƙwallo ya zo hannunsa zai duba abin da masu tsaro suka yi, ya miƙa wa wanda yake sake, ya matsa zuwa wani gurbi. Jordan ya koma aikin maharbi. Scottie Pippen ya ɗauki yawancin aikin ɗauko ƙwallo da rabo.

Da farko Jordan bai ji daɗin tsarin ba, kuma nasara ba ta zo nan da nan ba. A 1990 Pistons ta sake fitar da su, huɗu da uku. Amma a 1991 Bulls ta ci wasa 61, ta lallasa Pistons huɗu da nema, ta kuma doke Lakers huɗu da ɗaya ta ɗauki kofi karo na farko. A wasan da ya rufe wannan karo, da Lakers suka taru a kan Jordan, sai ya riƙa miƙa wa John Paxson, wanda ya ci maki 10 a mintocin ƙarshe.

Haka abin ya sake faruwa. A 1993, a wasa na shida da Suns ta Phoenix, ƙwallo ya bi ta hannun dukan 'yan Bulls biyar kafin Paxson ya jefa mai maki uku, saura daƙiƙa 3.9, aka tashi 99 da 98. A 1997, a wasa na shida da Jazz ta Utah, Jordan ne da kansa ya miƙa wa Steve Kerr ƙwallon da ya raba gardama. Gaba ɗaya Bulls ta ɗauki kofi sau shida: 1991, 1992, 1993, 1996, 1997 da 1998.

Kada mu yi kuskure a nan. Jordan bai daina ci ba. A dukan waɗannan kakanni shida shi ne ya fi kowa matsakaicin maki a gasar. Abin da ya saki shi ne riƙe ƙwallo a kowane hari. Ya tsaya ga baiwar da ya fi kowa a cikinta, ya bar wa waɗansu aikin da su ma za su iya.

Amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. A Philadelphia, Larry Brown ya ɗauke Allen Iverson daga aikin rabo ya mai da shi maharbi, ya ba Eric Snow ƙwallo, a 2001 kuwa suka kai wasan ƙarshe. A Houston kuma, Mike D'Antoni ya mai da James Harden mai rabo a 2016, ya zama na ɗaya wajen taimako a waccan kaka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ma'aunin da za mu auna da shi guda biyu ne: shin gwanin yana yin abin da ya fi iyawa? Shin sauran huɗun sun ƙaru ta dalilinsa, ko sun ragu?

Abin da za mu koya

Manzo Bulus ya yi maganar wannan al'amari a 1 Korintiyawa sura 12, inda ya kwatanta masu bi da jiki mai gaɓoɓi da yawa, kowace da aikinta. Ubangijinmu Yesu kuma, a misalin talanti cikin Matiyu sura 25, ya tsauta wa bawan da ya binne abin da aka ba shi. Idan muka haɗa waɗannan wurare biyu, za mu ga ramuka biyu da mai baiwa zai iya faɗawa.

Rami na farko shi ne na ɗaukar kome. Muna ganin wannan idan shugaban ɗalibai ya ƙi raba aiki, ko mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙa ya so ya ja kowace waƙa, ko mutum ɗaya a zumuntar matasa ya zama shi ne mai wa'azi, shi ne magatakarda, shi ne ma'aji. Mai yiwuwa ya iya duka. Amma ran da ya gama makaranta ko aka yi masa canjin wurin aiki, sai a tarar ba wanda ya koyi kome.

Rami na biyu shi ne na ɓoye baiwa da sunan tawali'u. Ɗalibar da ta fi kowa lissafi, in ta yi shiru a aji don kada a ce tana nuna kai, ta cuci kanta, ta cuci 'yan ajinta. Tawali'u na gaskiya shi ne mutum ya yi aikinsa da dukan ƙarfinsa, ya kuma yi murna idan wani ne ya ci makin ƙarshe.

Ku da kuke barinmu a bana, za ku je wuraren da wataƙila ku ne kuka fi kowa ilimi: a gida, a ƙauye, a majami'a. Za a so a ɗora muku kome. Ku gane baiwarku ku riƙe ta da kyau, saura kuwa ku koya wa waɗansu ku sakar musu. Mu malamai da dattawan ikkilisiya ma maganar ta shafe mu, domin mu ne muke tsayawa a matsayin koci. Sau da yawa mukan jibga wa yaro ɗaya mai ƙoƙari dukan ayyuka saboda hakan ya fi mana sauƙi, mu bar talatin suna zaune.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa maki 63 na Jordan a 1986 ba su ba ƙungiyarsa nasara ba?
2. Da kai ne koci a 1989, a ina za ka ajiye shi? Kawo hujja biyu.
3. Karanta 1 Korintiyawa 12 da Romawa 12. Wace baiwa ce 'yan'uwa suke gani a wurinka?
4. Wane aiki kake riƙe da shi yanzu wanda ya kamata ka koya wa wani kafin shekara mai zuwa?

Ubangiji ya ba mu hikimar sanin wurinmu, da alherin ba waɗansu nasu. Amin.