Darasin lafiya: in likita ɗan gida ne, wa zai duba mutanen gidan?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata al'ada da ta zauna daram a ƙasar Damagaram. Gidan da Allah ya ba ɗa likita, ko majo, ko ungozomar asibiti, da wuya mutanensa su sake bin layin masu jiran ganin likita. Da jiki ya yi zafi sai a ɗauki salula a kira shi. Shi kuma ya faɗi sunan magani, ko ya rubuta ordonansi ya aiko da ita a hannun direban mota. A je farmasi a saya, a sha, a ce an gama.

Ba wanda zai ga laifin mai yin haka da farko. Daga Gure zuwa babban asibitin Damagaram ya fi kilomita 150. Ciwo kuma ya fi yawa da damina, lokacin da barin gona kwana ɗaya asara ce. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 magani ya yi tsada, har talaka ya saba da neman hanya mai sauƙi. Amma sauƙin nan yana da haɗarin da ba kowa ya sani ba. Likitocin duniya da kansu sun daɗe da gane cewa mutum ba ya iya duba nasa yadda yake duba bare.

Abin da ya faru a gidanmu

Ina da goggo a wani ƙauye gabas da Miriya. Ɗanta na fari malamin asibiti ne, yana aiki a wani gari mai nisa. Kowa ya shaide shi da sanin aiki. Wata shekara, bayan an sare gero, ta fara rama da kasala. Aka kira shi. Ba ta karɓi salular da kanta ba, domin ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi. Ƙanwarsa ce ta ce masa: "Yaya, Inna ce ba ta jin daɗi, jikinta duk ya mutu." Ya ce a sayo maganin masassarar cizon sauro da na ƙarin jini. Aka saya. Bayan wata guda aka sake kira, ya sake faɗin wani. Haka har sau uku.

Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, tana tashi fitsari sau biyar ko shida a dare, ga ƙishirwa da ba ta yankewa, ga wani ɗan gyambo a yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa tun da kututturen kara ya soke ta. Wace uwa ce a ƙasar nan za ta yi wa ɗanta na fari zancen fitsari? Shi ma bai tambaya ba, ko da yake tambaya ce da yake yi wa baƙi kullum a wurin aikinsa.

Sai da ƙafar ta kumbura aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin hanya, aka kai ta birni. Wata malama da ba ta san ta ba ta yi mata tambayoyi, goggo ta amsa duka ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Aka tsaga yatsa aka auna jini, nan take aka ga ciwon sukari ne. An ceto ƙafar, amma yatsan ya tafi. Wata huɗu aka ɓata, an sayar da akuya biyu da buhun gero. Ɗan nata ya gaya mini daga baya: "Yaya, da a asibitina ta same ni, ba ita ce uwata ba, da ranar farko zan gane."

Me ya sa gwani ke kuskure a kan nasa?

Dalili na farko shi ne kunya. Magabata sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To, gaban likita ranar wanka ce. Dole a faɗi komai, wani lokaci ma a tuɓe riga a duba. Amma a al'adarmu akwai mutanen da ba a buɗe wa ciki: ɗan fari, suruki, yayan miji, uba. Amaryar da ke da ƙaramin ciki na fari ba za ta gaya wa yayan mijinta ba, ko da shi ne likitan gidan. In ya rubuta mata tetarasikilin ko doksisikilin, ya ba ta abin da aka hana mai ciki sha. Saurayin da ya ɗauko ciwon sanyi ba zai gaya wa baffansa gaskiya ba. Zai ce ciwon mara ne kawai.

Na biyu shi ne so. Zuciya ba ta yarda a ce nata ne ke da mugun ciwo. Likita zai ji baƙo yana tari sati uku ya ce a kai majinarsa awo, domin tarin da ya wuce sati biyu ana zargin tarin fuka ne. Amma in mahaifinsa ne, sai ya ce ƙurar hunturu ce, ya kawo ruwan maganin tari. Wani kuma tsoro ne ke kama shi, ya jibga wa ɗansa magunguna huɗu da allura a kan mura.

Na uku shi ne rashin awo da rubutu. A asibiti ana ɗora yaro a sikeli, domin nauyinsa ne ke nuna yawan maganin da zai sha. Ana auna zafin jiki da hawan jini. Ana ɗiban ɗigon jini a yatsa, cikin kamar minti 15 a san ko masassarar cizon sauro ce. Sannan a rubuta komai a karne. A salula ko a zaure ba a yin ko ɗaya. Gobe in ciwo ya tsananta aka kai mutum asibiti, ba wanda ya san me ya sha, nawa ya sha, yaushe ya fara. Dikulofenak da ibufurofen da ake sha don ciwon gaɓoɓi suna ta da gyambon ciki, suna kuma cutar da ƙoda, musamman ga tsofaffi. Wanda bai ga karne ba yana iya ƙara wani a kan wani.

Na huɗu shi ne nauyin zumunci. Baƙo ya roƙi allura, likita yana iya ce masa ba ka bukata. Amma in kawunsa ne da ya biya masa kuɗin makaranta, bakinsa ya yi nauyi. Haka ake rubuta amoksisilin ga mai mura, alhali ba ya kashe ƙwayar cutar mura. Yawan shan irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da magani ya daina kashewa, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna. Manomi ya san misalin wannan, domin ya ga ƙwarin wake da feshi ya daina yi musu komai.

Abin da likitocin duniya suka tsayar

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun a 1803 wani likitan birnin Mancesta a Ingila, mai suna Tomas Fasibal, ya rubuta littafi kan ladubban aikin likita. A ciki ya ba da shawarar cewa in likita ko iyalinsa ba su da lafiya, a kira wani likitan, domin damuwa tana dushe basira.

A 1991 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a wani asibiti kusa da birnin Shikago na Amurka. Likitoci 465 suka amsa tambayoyi. Kashi 99 cikin 100 sun ce danginsu sun taɓa neman shawara ko magani a wurinsu. Kashi 83 sun taɓa rubuta wa ɗan'uwa magani. Kashi 22 kuma sun amsa cewa sun taɓa biya wa ɗan'uwa wata bukata alhali zuciyarsu ba ta kwanta da ita ba. Ashe nauyin baki ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba.

A 1993 ƙungiyar likitocin Amurka ta fitar da ƙa'ida cewa kada likita ya yi wa kansa magani ko ya yi wa iyalinsa, sai in ta kama dole. Hukumar da ke kula da aikin likitoci a Ingila ita ma tana gargaɗin su da su guje wa duba makusantansu matuƙar da hali. Dukansu sun fi tsanantawa a kan magungunan da ke sa maye ko sabo. Mu da muka ga abin da taramol ya yi wa samari a unguwannin birnin Damagaram ba sai an yi mana dogon bayani ba. Maganin ciwo ne na gaske, amma in ya shiga gida ta ƙofar zumunci, ba awo ba lissafi, fitar da shi sai an sha wuya.

Yaushe ne ya halatta?

Ƙa'idar ba ta ce a bar mutum ya mutu ba. Akwai wurare uku da aka yarda ɗan gida ya sa hannu:

1. In abin gaggawa ne, kamar sarar maciji, zubar jini bayan haihuwa, ko yaro na suma da masassara. Nan ya yi abin da ya iya nan take, sannan a ɗauki maras lafiya zuwa asibiti.

2. In ba wani ma'aikacin lafiya a kusa. A rugage da ƙauyukan Tanut da Taskar, sau da yawa majo ɗaya ne ke da gari duka, har da iyalinsa. To, sai ya karɓe su a ɗakin aiki kamar kowa: ya auna, ya rubuta a rajista da karne, in ciwon ya yi nauyi ya tura su gaba.

3. In ƙaramin abu ne mai saurin wucewa, kamar wanke ɗan rauni ko ba da ruwan gishiri da sukari ga mai zawo kafin a isa asibiti.

Ciwon da ke daɗewa, irin hawan jini, sukari, farfaɗiya da tarin fuka, ba ya cikin waɗannan. Haka ma duk abin da ya shafi ciki da haihuwa da al'aura.

To, mene ne amfanin likitan gida?

Amfaninsa babba ne, in an san inda za a ajiye shi. Shi ne zai ce muku wannan ciwon ba na jira ba ne, ku tashi yanzu. Shi ne zai nuna ƙofar da za a shiga a asibiti da wanda ya dace a gani. Zai karanta ordonansi ya fassara muku da Hausa: ƙwaya nawa, sau nawa, kwana nawa, kafin abinci ko bayansa. Zai hana ku sayen maganin tire na bakin kasuwa, wanda rana ta dafa. Zai tuna wa tsoho ranar komawa awo. Jagora ne shi, kuma jagora mai kyau yakan kai mutum har bakin ƙofa.

Batun kuɗi ma a duba shi da kyau. A 2006 gwamnati ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka ma awon ciki. A 2024 kuma ta rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocinta. Maganin tarin fuka na wata 6 kyauta ake ba da shi. Ku lissafa ordonansi uku da aka saya bisa ƙa, ku gwada da kuɗin mota da na awo sau ɗaya, ku ga wanne ya fi cin tiyar gero.

Shawara ga mutanen gida

Kada ku roƙi ɗanku ya faɗi magani a salula. Ku tambaye shi ina za ku je.

In ya ce ku je wurin abokin aikinsa, kada ku ce ya yi girman kai ko ya manta da gida. Mutuncinku da lafiyarku yake tsarewa.

Kowane mutum a gida ya mallaki karnensa, a ajiye shi inda ruwa da gara ba sa kai wa. Duk abin da aka sha a gida, ko da sassaƙe ne, a faɗa wa likita.

Mace ta nemi ganin malama ko ungozoma in hakan zai sa ta saki baki. Haƙƙinta ne.

Kada a ba wani ragowar maganin wani, ko da ciwon ya yi kama.

Shawara ga ƴan'uwanmu ma'aikatan lafiya

An ce wanzami ba ya son jarfa. Ku ma in jiki ya motsa, ku miƙa kanku ga abokin aiki. Ku zaɓi wani amintacce ku ce shi ne likitan gidanku, ku kuma ku zama na gidansa. In dattijo ya matsa, ku ce masa: "Baba, idona ba zai gan ka daidai ba. Tashi in raka ka wurin wanda zai duba ka sosai." Ba dattijon da zai ƙi rakiyar ɗansa.

Goggona tana nan da ranta. Duk wata tana zuwa awo da karnenta a ƙulle cikin leda. Ɗan nata ne ke aiko kuɗin mota, wata malama ce ke rubuta magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Faɗi dalilai huɗu da ke sa likita kuskure in yana duba nasa.
2. Su wa kake jin kunyar gaya wa ciwonka a gidanku? In ɗayansu ne likita, yaya za ka yi?
3. A waɗanne wurare uku ne aka yarda ɗan gida ya ba da magani?
4. Rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da garinku, da nisansa, da ranakun awon ciki da na rigakafin yara.

Malamai su karanta wannan darasi da ƙarfi a ajin maza da na mata, a bar kowa ya faɗi abin da ya gani a gidansu. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai fitowa ta gaba.