Darasi: Gyaran Ƙasa Kafin a Kafa Akurkin Kaji

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu suna marmarin fara kiwon kaji a bayan gida, domin yara su sami ƙwai, a kuma sami abin sayarwa ran da kuɗin makaranta ko na magani ya taso. Amma sau da yawa mukan riga sayen kaji tun ba mu shirya musu wurin zama ba. A ƙasar Jahun da sauran garuruwan kwarin Kogin Haɗejiya, aikin farko shi ne gyaran ƙasar da akurki zai zauna a kanta.

Mun san yadda ƙasarmu take: ga jigawa mai yashi wadda ke shanye ruwa nan da nan, ga kuma fadama mai laka wadda ke riƙe shi kwana da kwanaki. Ba mu manta da ambaliyar 2020 da ta 2022 ba, lokacin da ruwa ya rushe gidaje ya ci gonaki a Jihar Jigawa. Ko a shekarar da kogi bai cika ba, ruwan Agusta yakan kwanta a tsakar gida. Kaza kuwa ba ta jure wa danshi. A jiƙaƙƙiyar ƙasa ƙwayar cutar zawon jini take yaɗuwa, ita ce kuma ke ƙarar da 'yan tsaki.

Saboda haka sai mu zaɓi wuri mafi tudu a gidan. Mu tuna inda ruwa ya tsaya a daminar bara, mu guje masa. Kada akurki ya yi kusa da rijiya ko madafa. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne rani, wajen Maris ko Afrilu.

Bayan mun share wurin, mun tono saiwoyi da gidan gara, sai mu zuba jar ƙasa da tsakuwa har wurin ya ɗara tsakar gida da kamar ƙafa ɗaya. Mu yayyafa ruwa mu daɓe shi sosai, kamar yadda iyayenmu mata suke daɓen ɗaki da ruwan makuba. Mu ɗan karkata daɓen, mu haƙa magudana kewaye da shi. Murabba'in mita ɗaya ya ishi kaji uku. Kada mu cunkushe su.

Sa'an nan mu binne gindin wayar raga kamar ƙafa ɗaya cikin ƙasa, domin gafiya da tunku masu haƙa ne. Mu rufe sama saboda shirwa da shaho. Tsawon akurkin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta riƙa dukan ciki. Da daɓe ya bushe, mu shimfiɗa buntun shinkafa mai kaurin yatsu huɗu, mu ajiye toka da yashi a gefe guda inda kaji za su yi birgima su kakkaɓe ƙuma.

Sai an gama wannan duka za a kawo kaji. Mu nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafin annobar kaji kafin hunturu.

Don tattaunawa a ƙungiyoyinmu:
1. Ina ne ruwa yake kwanciya a gidajenmu?
2. Wane gida ne a unguwarmu ba shi da mai ƙarfin ɗibar ƙasa, kuma yaushe za mu kai masa gayya?