Amsoshin Tambayoyinku: Lasin Tuƙa Babbar Mota

Tambayarmu ta farko ta fito daga wani mai sauraronmu a Gummi, wanda ya shekara biyu yana yaron mota a hanyar Anka zuwa Gusau. Yana cewa: yaya zan yi in samu lasin tuƙa tirela?

To, malam, ka fara da ƙafar dama. Wanda ya saba sa waigi a gangara, yana duba mai da ruwa da iskar taya tun asuba, ya riga ya san halin mota. Saura abin da doka ta tanada.

A Najeriya sai mai shekara 26 ake ba lasin tuƙin haya. Da farko za ka shiga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita. Ka kawo takardar likita, musamman kan lafiyar ido. Daga nan jami'an duba motoci, wato VIO, su gwada ka a kan hanya da alamominta. In ka ci, ka biya kuɗi, a ɗauki hotonka da zanen yatsunka a cibiyar lasin da ke Gusau. Za a ba ka na wucin gadi na kwana 60 kafin na dindindin, mai shekara 3 ko 5. Ajin lasin tirela shi ne G.

Kada ka ba ɗan kamasho kuɗi ya kawo maka lasin har gida. Na jabu ne. Matasan Bukkuyum da Anka, ku ma ku bi wannan hanya, domin rayukan jama'a amana ce a hannun direba.