Matakan Shiga Ritaya Ba Tare da Gigicewa Ba

A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya a Najeriya, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, ita ke sallamar ma'aikaci. Dokar 2022 ta kai malaman firamare da sakandare shekara 65 ko 40 a aiki, farfesoshi kuwa sai 70. Ke nan tun ranar da ka karɓi takardar kama aiki an san ranar fitarka. Amma sai ka ga dattijo ya ruɗe kamar an yi masa korar ba-zata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

1. Tun saura shekara biyu, tattara takardunka. Takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, duk na ƙarin girma, ta haihuwa ko ta rantsuwar shekaru. Jera su a kan tabarma ka karanta sunanka a kowace. A wata Muhammad, a wata Mohammed, a katin ɗan ƙasa an ƙara sunan gari, a banki ranar haihuwa ta sha bamban. Wannan ɗan saɓanin kaɗai ya isa ya sa ka yi ta safa da marwa wata da watanni. Gyara shi yanzu, tun fayil ɗinka yana hannun mutanen da ke gaishe ka. Duba kuma sunan magajin da ka rubuta kana gwauro. Wataƙila yayanka ne, kuma ya riga mu gidan gaskiya.

2. San tsarin da kake ciki. A tsarin karo-karo da aka kafa a 2004 aka gyara a 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, wurin aikinka ya zuba kashi 10, hukumar PenCom tana sa ido. Idan ka fita za a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran kuma zaɓi biyu ne: ko kamfanin fanshonka ya riƙa tsakuro maka duk wata daga asusunka, abin da ya rage bayan ranka na magada ne, ko ka miƙa wa kamfanin inshora ya biya ka iya tsawon rai. Kada ka sa hannu a ranar da aka yi maka bayani. Koma gida da takardar, ka nemi wanda ya riga ka fita ya faɗa maka yadda ta kaya da shi. Mai gudun kuɗin ruwa ya tambayi kamfanin fanshonsa game da asusu na shida, wanda aka buɗe a 2021 bisa tsarin shari'a. Ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma ya je ofishin fanshon jiharsa, don kowace da nata salon.

3. Tanadi cefanen giɓi. Tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko akan ɗau lokaci. Ajiye abincin wata shida, ka biya bashi, kuma in gidan gwamnati kake, nemi wurin komawa kafin a turo maka takardar tashi.

4. Kuɗin dunƙule: bar shi ya huce. Nan ne aka fi yin da-na-sani. Da zarar labari ya fita garatuti ya shigo, za ka ga baƙi. Ga mai cewa a sayi tifa ta ɗebo yashi, ga ɗan ƙanwarka da lissafin kaji dubu a bayan ambulan, ga wanda ya san wani kamfani mai ninka kuɗi a wata guda. Waɗanda irin wannan kamfani, MMM, ya rufe wa asusu a Disamban 2016 ba duka ne wawaye ba. Da yawansu masu neman mafita ne cikin gaggawa. Shawarata, wata uku kada ka taɓa komai, ka ce da kowa "ana kan shawara". Sannan kada ka zuba jari a sana'ar da ba ka taɓa kwana a cikinta ba. Wanda ya yi shekara talatin yana duba fayil bai san warin ɗakin kaji mai cuta ba, kuma kaji ba sa jiran ka koya. Tsarin mulki ya bar wa ma'aikaci ƙofar noma tun yana aiki, saboda haka gwada kadada ɗaya ko tumaki biyar yanzu, lokacin da asara ba za ta hana tukunya tafasa ba.

5. Zauna da iyali. Faɗa musu adadin abin da zai riƙa shigowa, ba kwana-kwana. 'Yan'uwan da suka saba da "a taimaka" su ma su ji da wuri. Sai kuma wata magana da ba a cika yi ba: da rana gidan na uwargida ne. Ta yi shekaru tana tafiyar da shi kana ofis. Kada ka dawo ka kafa kujera a tsakar gida kana ƙirga dunƙulen magi, kana tambayar ina aka kai ragowar mai. Aure da yawa ya yi tsami a wannan gaɓar.

6. Gina wa yininka ƙashin baya. A watan farko za ka ji daɗin barcin hantsi. A na biyu za ka lura waya ta yi shiru, masu "Yallaɓai, ranka ya daɗe" sun koma wurin wanda ya gaje ka. Ba butulci ba ne duka, da ma kujerar suke gaisarwa. Daina leƙa tsohon ofis ba dalili. Nemi abin da zai sa a jira ka a wani wuri a wani lokaci: darasin islamiyya bayan magariba, kwamitin makarantar unguwa, koya wa yara lissafi, sasanta maƙwabta. Majalisar ƙofar gida tana da daɗi, amma ba ta isa ta cika yini ba. Yi tattaki bayan sallar asuba, ka riƙa auna hawan jini da suga. In kuma ka ga makonni sun shige barci ya ƙaurace, abinci ya fita ranka, ba ka son ganin kowa, je ka ga likita ka faɗa masa haka ɗin dai, yadda yake.