Darasi: Tudu da Kwari a Ƙasar Sakkwato

Ruwa ba ya hawa tudu, gangare yake bi. Saboda haka manomi yana bukatar sanin inda ƙasa ta yi tudu da inda ta yi kwari.

Masana suna auna tudun ƙasa daga bakin teku. Ma'auninsu shi ne mita. Mita ɗaya ta ɗan fi yadi ɗaya tsawo. Legas tana bakin teku. Birnin Sakkwato ya fi teku tudu da kusan mita 300. Kano ta kai wajen mita 480. Jos kuwa wajen mita 1,200, shi ya sa ta fi Sakkwato sanyi. Dutse mafi tsawo a Nijeriya yana Jihar Taraba. Sunansa Chappal Waddi, tsawonsa mita 2,419.

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, inda ƙasa ta fi tudu. Ya biyo ta Gusau da Talata Mafara. Kusa da birnin Sakkwato ya haɗu da gulbin Rima, wanda ya gangaro ta Goronyo da Wurno. Daga nan ruwan ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi, ya faɗa kogin Kwara.

Wannan ya raba ƙasar noma kashi biyu. Akwai tudu, mai yawan rairayi, wanda ba ya riƙe ruwa. Nan ake shuka gero da dawa da wake. Akwai fadama, wato kwarin da ke gefen gulbi. Ƙasarta laka ce, tana riƙe ruwa. Nan ake noman shinkafa, da rani kuma albasa da tumatir.

Amma fadama hanyar ruwa ce. A watan Satumba na 2010 gulbin Rima ya yi ambaliya. Ya cinye gonaki da gidaje masu yawa, har ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Don haka gona a fadama, gida da rumbu a kan tudu. Kafin mutum ya yi gini, ya tambayi dattawan gari iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Tambayoyi
1. Daga ina ake auna tudun ƙasa?
2. Me ya sa Jos ta fi Sakkwato sanyi?
3. A ina ya kamata a gina rumbu?