Darasi: Yadda Za A Gwada Maganar Mai Sayar Da Firji

A ƙasashen sanyi irin su Jamus da Ingila akwai wata na'ura da ake kira famfon zafi. Ba ta hura wuta. Zafi take ɗebowa daga iskar waje ta zuba cikin gida. Masu sayarwa sukan ce in ta sha awo ɗaya na lantarki za ta ba da awo uku ko huɗu na zafi. Ba ƙarya ba ne, amma a ɗakin gwaji aka sami wannan lissafi, galibi iskar waje tana digiri 7. Ran da sanyi ya tsananta, sai amfanin ya ragu.

To, ina ruwanmu? Firjin asibitinmu shi ma famfon zafi ne, ya dai juya baya: yana kwashe zafi daga ciki yana zubarwa waje. Taɓa bayansa ka ji. Saboda haka mu rana ce za ta rage mana amfaninsa.

Kafin a biya kuɗi, a duba ɗan allon da ke manne a jikinsa. Akwai harafin da ke nuna iyakar zafin da aka ƙera shi ya jimre. N ya tsaya a digiri 32, ST a 38, T kuwa har 43. A Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yakan wuce 40. Firji mai N kaɗai, injinsa ba zai huta ba, kuma ba lallai ya yi sanyi ba. Gana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013.

Takardar kuma takan faɗi yunit nawa zai sha a shekara. A raba da 365. In an rubuta 300, ke nan bai kai yunit ɗaya a rana ba. Ran da wuta ta tsaya (a yi haƙuri a jira ta), a kashe kome ban da firjin, a karanta mita, a sāke karantawa bayan awa 24. In ya ɗan haura da bazara, ba laifi. In ya ninka, ko robar ƙofa ta saki, ko gas ya tsiyaye, ko kuwa takardar ce ta jabu. Masu aiki da sola su fi kowa lura, gama batir ne zai wahala.

Game da doka, a Nijeriya hukumar SON ce ke kula da ingancin kaya, kayan waje kuma sai da takardar SONCAP. A nemi gani. Firjin rigakafi ya kamata ya riƙe tsakanin digiri 2 da 8, ya kasance kuma cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su.

A duba sunan gas ɗin ma. Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987 ta sa an daina yin R-12. Sababbin firji da yawa R-600a suke amfani da shi, amma yana kama wuta, sai makanikin da ya san shi ya taɓa.